Malamin da ya ƙirga harbin doki

A wannan makon mun kawo muku tarihin Ladislaus Bortkiewicz. Mu ma mun sha wahala kafin mu iya furta sunansa, don haka kada ku damu. An haife shi a shekarar 1868 a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha, amma asalin danginsa mutanen Folan ne. Ya fara karanta shari'a, daga baya ya tafi Jamus ya koma ilimin ƙididdiga. Daga 1901 ya koyar a jami'ar Balin har ya rasu a 1931.

Abin da ya sa ake tunawa da shi wani ɗan ƙaramin littafi ne da ya fitar a 1898. A ciki ya tattaro yawan sojojin Prusha, wata tsohuwar masarauta a Jamus, waɗanda doki ya harba suka mutu daga 1875 zuwa 1894. Mun yi dariya da muka fara jin haka. Amma fa mutane ne suka mutu, kuma akwai tambaya babba a ciki. Idan soja huɗu suka mutu a runduna ɗaya cikin shekara ɗaya, sakacin shugabanta ne, ko kuwa tsautsayi ne kawai ya taru?

Ga lissafin. Runduna 10 cikin shekara 20 sun ba da rahoto 200, kuma mutum 122 ne suka mutu. A rahoto 109 ba wanda ya mutu. A 65 mutum ɗaya, a 22 mutum biyu, a 3 mutum uku, sai guda ɗaya tak mai mutum huɗu.

A nan ne ya yi zaɓi. Da za mu auna tsayin 'yan ajinmu, yawanci za su taru a tsakiya, dogaye kaɗan, gajeru kaɗan, zanen ya fito kamar ƙararrawa. Wannan siffar ba ta dace da harbin doki ba, domin mafi yawan rahoton a kan sifiri ya taru, kuma ba a samun mamaci ƙasa da sifiri. Sai ya ɗauko wata dabara da Poisson, wani Bafaranshe, ya rubuta tun 1837, wadda ta dace da abin da ba ya yawan faruwa duk da ana yawan kusantarsa. Lamba ɗaya kawai take buƙata, wato 122 a raba da 200, ya ba da 0.61.

Dabarar ta ba da kusan 109, 66, 20, 4 da 1. Ku koma sama ku gwada da na gaskiya. Mu har sau biyu muka duba, don mun ɗauka kuskure muka yi wajen kwafa.

Ke nan shekarar da mutum huɗu suka mutu ba ta isa hujjar kama kowa da laifi ba, tunda lissafi ya nuna ana iya ganin irinta kusan sau ɗaya cikin 200. Sai dai mu faɗi gaskiya: rundunonin 14 ne, ya ware 4 saboda tsarinsu ya bambanta da na sauran. Wasu cikinmu sun ce wannan wayo ne, wasu sun ce daidai ya yi tunda bai ɓoye ba. Wanda ke da ra'ayi ya rubuto mana kafin mu sauya allo mako mai zuwa.