Nana Asma'u

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793 – 1864) malama ce, marubuciya kuma mawaƙiya a Daular Sakkwato. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. An fi saninta da kafa tsarin karatun mata na 'Yan Taru, da kuma ƙoƙarinta na sama wa matan da yaƙi ya ɗaiɗaita hanyar samun natsuwa ta karatun Alƙur'ani da addu'a da haƙuri.

Farkon rayuwa

An haife ta a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Ta tashi a gidan malamai mabiya ɗariƙar Ƙadiriyya, inda ake karantar da mata kamar yadda ake karantar da maza. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tasawwufi.

Shekarun yaƙi

Tana kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, bayan dangantaka ta ɓaci tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A shekarar ce aka gwabza a Tabkin Kwatto, inda jama'ar Shehu suka yi nasara, sannan a Tsuntsuwa, inda aka kashe musu mutane masu yawa, ciki har da mahaddata Alƙur'ani. A 1805 aka sake yi musu mummunar ɓarna a Alwasa. Mata da yara sun bi rundunar daga zango zuwa zango cikin yunwa da cuta, Asma'u na cikinsu. Sai a 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, aka kashe Yunfa.

A 1807 ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Mahaifinta ya rasu a 1817. Rasuwarsa ba ta kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe ba, domin Gobirawa da Kabawa da Katsinawan Maraɗi sun ci gaba da turjiya. A 1836 Bello ya ci nasara a kan haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, ya rasu a Wurno shekara guda bayan haka.

Bori da maganin Annabi

Waɗannan yaƙe-yaƙe sun bar zawarawa da marayu masu yawa. Sun kuma kawo mata da aka kamo daga garuruwan da aka ci da yaƙi, aka shigar da su gidajen Sakkwato da Wurno a matsayin bayi ko ƙwaraƙwarai. An raba su da iyaye da mazaje da 'ya'ya, da yawansu kuma ba su da zurfi a ilimin addini. Abin da suka saba komawa gare shi idan ciwo ko baƙin ciki ko taɓin hankali ya same su shi ne bori, wanda a Gobir yake ƙarƙashin Inna, mace daga gidan sarauta.

Malaman jihadi sun ɗauki bori a matsayin shirka, Asma'u ma ta yi gargaɗi a kansa cikin waƙoƙinta. Sai dai ba ta tsaya ga hani kaɗai ba. A 1839 ta rubuta littafin *Tabshir al-Ikhwan* da Larabci, inda ta tattara abin da aka ruwaito game da falalar surorin Alƙur'ani da neman waraka da su. Littafin ya taɓo cututtukan jiki, da lamuran mata kamar goyon ciki da haihuwa, da kuma damuwar zuciya irin su tsoro da fargaba da ƙuncin talauci da zaluncin masu iko. Masu nazari irin su Jean Boyd da Beverly Mack suna ganin manufarta ita ce ba mata abin da za su riƙa a madadin bori, tunda buƙatar da ke kai su can ba ta gushe ba. Shi ma Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

'Yan Taru

Tun cikin shekarun 1830 ta fara horar da mata dattawa da ake kira jajis, ɗaya kuma jaji. Kowace jaji takan jagoranci ayarin mata daga ƙauyensu zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙin karantarwa da Hausa ko Fulatanci, su koma gida su koyar da matan aure da ba su iya fita. Alamar naɗin jaji ita ce malfa da jan rawani. Malfa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su, don haka matan karkara sun gane matsayin da ake nufi da ita.

Bayan karatu, 'yan taru sukan duba marasa lafiya, su taimaki mai naƙuda, su yi wa gawar mace wanka, su sasanta masu saɓani. Ta wannan hanya macen da ta rasa danginta takan samu jama'ar da za ta jingina da ita da aikin da ake girmama ta saboda shi.

Waƙoƙin makoki

Asma'u ta ga mutuwar yawancin makusantanta: mahaifinta, ɗan'uwanta Hassan, Bello, mijinta Giɗaɗo, ƙawarta A'isha matar Bello. Ta rubuta marsiyyoyi da dama, inda take bayyana zafin rashin a fili, sannan ta koma ga haƙuri da miƙa lamari ga Allah da lissafa kyawawan halayen mamacin. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu wadda ta shahara da taimakon mata wajen haihuwa. A *Waƙar Gewaye* ta bi tarihin hijira da yaƙe-yaƙen da ta gani tana yarinya, ta tsara su yadda za a haddace. A wata waƙar kuma ta jero waliyyai mata na duniyar Musulunci, ciki har da Rabi'atul Adawiyya ta Basra, domin mata su yi koyi da su.

Rasuwa da tasiri

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. Ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri, 'yar'uwarta Maryam kuma ta ci gaba da jagorantar 'Yan Taru. Ayyukanta da suka wanzu sun kai kusan sittin. Jean Boyd ta wallafa tarihinta da Turanci a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. Makarantu da ƙungiyoyin mata da dama a Arewacin Najeriya suna ɗauke da sunanta, wasu mata Musulmi a Amurka kuma sun kafa ƙungiyar karatu bisa tsarin 'Yan Taru.