John Donne: Sha'irin Ingila da alƙaluman wasu suka ceci waƙoƙinsa

An haifi John Donne a birnin Landan a shekarar 1572, cikin iyali mabiya ɗarikar Katolika, a zamanin da hukumar Ingila ke matsa wa 'yan wannan ɗarika lamba. Ƙanensa Henry ya rasu a kurkuku a 1593 bayan an kama shi da laifin ɓoye wani limamin Katolika. Daga baya Donne ya koma ɗarikar Angilikan.

Ya yi karatu a Oxford, sannan ya koyi aikin lauya a Landan, inda ya fara rubuta waƙoƙin soyayya da na zambo. Bai kai su maɗaba'a ba, domin a wancan zamani masu neman muƙamin gwamnati na ganin sayar da waƙa a kasuwa zubar da girma ne, balle wasu daga cikin nasa da suka taɓo batsa da addini. Aboki yakan ba takarda, abokin ya kwafa a kundinsa ya miƙa wa wani. Da haka waƙoƙin suka bazu, kowane mai kwafa da irin kuskurensa.

Ya zama sakataren Sir Thomas Egerton, ɗaya daga cikin manyan jami'an fadar Sarauniya Elizabeth. Amma a ƙarshen 1601 ya auri Anne More a asirce, ba da yardar mahaifinta ba. Aka ɗaure shi na ɗan lokaci, aka kuma kore shi daga aiki. Ya shafe fiye da shekara goma yana fama da talauci da ɗawainiyar 'ya'ya.

A 1614, da ya so tattara waƙoƙinsa, sai da ya rubuta wa amininsa Henry Goodyer yana roƙon aron wani tsohon kundi, saboda shi mai waƙar bai adana su ba. A 1615 aka naɗa shi limamin coci, a 1621 kuma ya zama shugaban babban cocin St Paul, inda wa'azinsa ya yi fice. Ya rasu ranar 31 ga Maris, 1631.

Sai a 1633 aka buga tarin waƙoƙinsa, daga kwafe-kwafen da ke hannun jama'a. Masana sun ƙirga kwafi fiye da 4,000 a cikin kundaye sama da 200, amma waƙar Turanci guda ɗaya tak aka samu da rubutun hannunsa. An gano ta a 1970, tana kuma ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Saboda haka har yau manazarta na gwada wannan kundi da wancan, domin tantance kalmar da Donne ya rubuta da wadda mai kwafa ya sauya.