WALTER GOWANS, SAURAYIN DA AKA BINNE A GIRKU



Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Gaskiya ne. Sarki zai sa ta, talaka kuma zai sa ta. Amma ko da yake kowa ya san haka, ba mai so a ambace ta. In mujiya ta yi kuka da dare a bisa rumbu, sai gaban uwa ya faɗi, ta jawo ɗanta jikinta. Saboda tsoron mutuwa mutum yakan sayar da akuyarsa ɗaya tak ya kai wa boka kuɗin. Saboda tsoron mutuwa akan ɗora wa tsohuwa marar gata laifin maita. Har cikin masu bi akwai waɗanda suke zuwa sujada ran Lahadi, ga kuwa laya ɗaure a ƙugun jaririnsu, an rufe ta da riga. Domin wannan muke so mu ba ka labarin wani saurayi wanda ya ga mutuwa tana zuwa, bai kuwa juya da baya ba.

ASALINSA DA KIRANSA

An haifi Walter Gowans a ƙasar Sikotilan a shekara ta 1868. Daga baya iyayensa suka ƙaura zuwa birnin Toronto a ƙasar Kanada. Uwarsa, Margaret Gowans, mace ce mai addu'a ƙwarai. Ta riga ta sallami 'yarta guda zuwa ƙasar Sin domin aikin Bishara. Walter kuma ya shiga makarantar koyon aikin mishan a birnin New York na Amurka.

Can Allah ya nawaita masa zancen ƙasar Sudan. A zamanin nan in an ce Sudan, ana nufin dukan ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamadar Sahara, tun daga yamma har kogin Nilu. Nijar da Nijeriya ta Arewa duk suna ciki. An ƙiyasta mutanen ƙasar sun kai miliyan 60, ba kuwa mai bishara ko ɗaya da ke zaune a tsakiyarsu. Wannan abu ya hana Walter sakat.

Ya bi ƙungiyoyin mishan na Amurka yana roƙo su aike shi. Suka ƙi. Ya haye teku zuwa Ingila, can ma suka ƙi. Hujjarsu ita ce, ba kuɗi, ƙasar kuma tana cin mutane.

Ba ƙarya suka yi ba. A lokacin nan Turawa suna kiran Afirka ta Yamma kabarin Bature, gama da yawa da suka zo ba su yi shekara biyu ba sai aka binne su. Ba wanda ya san sauro ne ke kawo zazzaɓin da ke kashe su. Suna tsammani mugunyar iska ce mai tashi daga fadama. Sai a 1897 wani likita mai suna Ronald Ross ya gano gaskiyar abin a ƙasar Indiya. Walter ya san labarin kaburburan nan sarai. Ba da rashin sani ya taso ba.

SU UKU

Yana Ingila, uwarsa ta gayyaci wani saurayi mai wa'azi, Rowland Bingham, zuwa gidanta a Toronto. Ta zauna ta bayyana masa bukatar Sudan har abin ya shiga zuciyarsa. Ya tashi ya bi Walter. Wani abokin karatun Walter kuma, Thomas Kent, mutumin Buffalo a Amurka, ya zama na ukunsu. Ba ƙungiyar da ta tsaya musu, ba albashi. Ba ko ɗaya cikinsu da ya kai shekara 30.

Suka sauka Legas, wadda Hausawa ke kira Ikko, ran 4 ga Disamba, 1893. Wani babban ɗan mishan da ya daɗe a can ya dube su, ya faɗa musu ba za su ga Sudan ba, 'ya'yansu ma ba za su gan ta ba, sai dai watakila jikokinsu. Kuɗin da ke hannunsu kuma bai taka kara ya karya ba. Suka keɓe mako guda suna addu'a, suka sayar da abin da za su iya sayarwa na kayansu, taimako kuma ya iso musu daga gida.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Bingham. Sai aka shirya shi ya zauna a Legas yana karɓar saƙo yana aika musu da guzuri. Gowans da Kent suka kama hanyar arewa a farkon 1894. Babu jirgin ƙasa, babu mota. Ƙafa ce da kwalekwale, 'yan alaro na ɗauke da kaya. Suka kai Bida a ƙasar Nupe. Guzuri ya ƙare, Kent ya koma Legas ya ɗauko wani. Gowans ya ci gaba zuwa ƙasar Hausa.

A GIRKU

Ya isa wani ƙaramin gari mai suna Girku, kudu da Zariya. Zamanin harin bayi ne. Yana cikin garin sai wani sarki ya zo da rundunarsa ya kewaye shi da yaƙi. Aka ci garin, aka kwashe mutane bayi. Shi ma aka kama shi, aka ƙwace kayansa. A lokacin nan tufafi da wuri su ne kuɗin matafiyi. Wanda aka raba shi da kayansa, an raba shi da abincinsa ke nan. Daga baya aka sake shi, ga yunwa, ga ciwon atuni ya kama shi.

A watan Agusta na 1894, wata uku kafin rasuwarsa, ya rubuta abin da ke zuciyarsa a littafinsa, domin ya ga ƙarshensa ya yi kusa. Ka lura da abin da ya rubuta. Bai yi gunaguni ga Allah ba. Ya yabe shi. Ya ce ko da mutane za su ga kamar aikin ya fāɗi warwas, bai fāɗi ba, nasara tana zuwa. Ya ce bai yi da-na-sanin tasowa ba, ransa kuma ba a banza ya tafi ba. Abu ɗaya kaɗai ya dame shi, wato baƙin cikin da uwarsa za ta sha.

Ya ja jiki ya kai Zariya. Can ya tarar da waɗansu Turawa matafiya. Suka yi jiyyarsa, suka ba shi shawara ya koma bakin teku. Aka kama hanya da shi, amma bai wuce Girku ba. Nan ya rasu ran 17 ga Nuwamba, 1894, yana da shekara 26. Ba uwa a kusa, ba ɗan'uwa, ba fasto. Wani ɗan Afirka da ke yi masa hidima shi ya binne shi a gona.

Thomas Kent kuwa ya dawo da guzuri har Bida. Zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ran 8 ga Disamba, mako uku bayan abokinsa. Cikin shekara guda biyu sun tafi. Ba su yi wa kowa baftisma ba, ba su gina majami'a ba.

UWAR GOWANS

Bingham ya koma Kanada a 1895, ya kai wa Margaret Gowans ɗan abin da ya rage na kayan ɗanta. Kowa ya san yadda zuciyar uwa take a irin wannan rana. Ta karɓe shi, ta riƙe hannunsa, suka yi shiru. Sa'an nan ta faɗa masa gara mata Walter ya tafi Sudan ya mutu can shi kaɗai, da a ce yana gida a ranar nan yana ƙin bin umarnin Ubangijinsa. Ba ta daina yi wa ƙasarmu addu'a ba.

Shi Bingham kansa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai. Ya taso da koyarwar cewa mai bi na gaske Allah zai tsare shi daga ciwo. To, ga abokansa biyu a kabari. Ya koma ga Littafi Mai Tsarki yana bincike, har ya gane Allah bai yi alkawari bayinsa ba za su yi ciwo ko su mutu ba. Istifanas ya mutu da jifa. Yaƙub ya mutu da takobi. Alkawarin Allah ya fi wannan girma.

IRIN DA AKA SHUKA

A 1900 Bingham ya sāke zuwa, zazzaɓi ya sāke mai da shi gida. A karo na uku, a 1902, aka kafa tashar mishan ta fari a Patigi, a bakin kogin Kwara. Kogin nan ne yake wucewa a gabanmu a Harobanda, ƙarƙashin gadar Kennedy, ya gangara har ƙasar Nupe. A shekarar nan kuma Likita Andrew Stirrett ya zo, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani. Ya nace kowane ma'aikaci ya riƙa shan kwinin kullum, mace-mace kuwa suka ragu. Ya yi aiki har ya rasu a Jos a 1948.

Ƙungiyar da samarin nan uku suka fara ita ce aka sani da SIM. Ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga nan Tsibiri da Maraɗi. An gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An buɗe asibitin Galmi a 1950. A Nijeriya ikilisiyar ECWA ta kafu a 1954, a Nijar kuma aka sami ikilisiyar EERN. Yesu ya koyar a Yohanna 12:24 cewa sai an binne ƙwayar hatsi kafin ta ba da amfani mai yawa. Kowane manomi ya san wannan. Geron da ka ɓoye a rumbu ba ya yin zangarniya. Wanda ka jefa a rami da ruwan fari, shi ne ke cika rumbu da kaka.

ME YA KAWAR DA TSORON?

Gowans mutum ne kamarmu. Ya ji yunwa, ya ji zafin ciwo, ya yi kewar uwarsa. Bangaskiyarsa ba ta hana shi mutuwa ba. Abin da ta yi shi ne, ta hana mutuwa ta zama ubangidansa.

In ka bincika, tsoron mutuwa yana da saiwa biyu. Ta fari, ba mu san inda za mu ba. Ta biyu, mun san muna da zunubi, za mu kuwa tsaya gaban Allah mai shari'a. Wanda ake binsa bashi ba ya son jin sallama a ƙofar gida. Laya ba ta biyan wannan bashi. Boka ma ba ya biya, gama shi kansa zai mutu.

Ibraniyawa 2:14-15 ta nuna mana Yesu ya ɗauki jiki irin namu, ya mutu, domin ya karya ikon Shaiɗan, ya kwance waɗanda tsoron mutuwa ya ɗaure su kamar bayi. Gowans ya ga bayi da idonsa a Girku, igiya a wuya. Akwai bautar da ba a ganin igiyarta, ita ce wannan. Yesu ya biya bashin zunubinmu a kan gicciye. A rana ta uku ya tashi. Ya shiga kabari ya fito, saboda haka ya san hanya, shi ne kuma zai bi da nasa. Ka karanta Yohanna 11:25-26 da 1 Korintiyawa sura 15.

Kada a yi kuskure a nan. Rashin tsoron mutuwa ba sakaci ba ne. In yaro ya yi zazzaɓi, a yi addu'a, a kai shi asibiti da wuri, kada a jira har ya fara suma. A kwana cikin gidan sauro. Stirrett mai bangaskiya ne, ya kuwa sha kwinin. Kuma in an yi mana rasuwa, kuka ba zunubi ba ne, gama Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Amma ba ma zuwa wurin mai duba mu tambayi wanda ya ci mamacin. Ba ma nuna maƙwabciya da yatsa. Mukan binne namu da bege, kamar yadda ake shuka iri.

KAI FA?

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, ba kowa Allah yake kira ya bar ƙasarsa ba. Amma kowa zai kai tasa Girku wata rana, ko a gona, ko a gadon asibiti, ko a ɗakinsa. In ranar ta zo, da me za ka dogara?

In ba ka karɓi Yesu ba tukuna, kada ka ce sai gobe. Ka durƙusa yau, ka furta masa zunubanka, ka roƙe shi gafara, ka ba shi ranka. In kuwa kai mai bi ne amma akwai laya a gidanka, ka kwance ta. Ka je wurin fastonka ko dattawan ikilisiya ku yi addu'a tare. Mai gida, ka tara iyalinka da dare bayan tuwo, ka karanta musu wannan takarda da ayoyin da ke ciki. In kun gama, ka miƙa ta ga maƙwabcinka.