Tunawa Da Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina

Duk ɗan Arewan da ya yi zaman Agege ko Sabon Ibadan ko Shagamu a zamanin faifan garmaho da kaset ya san muryar Alhaji Mamman Shata. Ita ce ke tashi a rumfar mai shayi, a zangon shanu, da cikin manyan motocin da ke ɗauko goro zuwa Arewa. Amma ba kowa ya san cewa waƙa ɗaya ce kawai daga cikin sana'o'in mutumin nan ba, kuma ba da ita ya fara neman abinci ba.

An haifi Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Kamar kowane yaron ƙauye, da fartanya ya buɗe ido, sannan aka sa shi makarantar allo. Da ya ɗan tasa sai ya kama tallan goro, daga baya ya koma sayar da alewa. Da dare kuma yana dandali wurin samari da 'yan mata, yana ba da waƙa ana amshi, ba don a ba shi ko anini ba.

A nan ne rigima ta tashi a gida. Mahaifinsa bai yarda ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a ganin mutanen wancan zamani waƙa roƙo ce, roƙo kuwa sai wanda ya gada. Shata bai gaji kiɗa ba ta wajen uwa ko ta wajen uba. Ga shi kuma abin kiɗan da ya zaɓa, watau kalangu, kiɗan mahauta ne da na 'yan mata, ba na fada ba ne kamar taushi ko kotso. To, wanda ya ɗauki wannan hanya a lokacin, mutuncin gidansu ya ɗora a kan faifai. Shata ya ɗauka, bai kuwa waiwaya ba.

Ya bar Musawa ya koma Bakori, ƙasar auduga da gyaɗa, inda ya yi aurensa na fari. Daga nan sunansa ya fara zagaya ƙasar Katsina da Zazzau, har ya kai Kano, inda bikin 'ya'yan sarki na 1952 ya fito da shi sarari. Bai zama mawaƙin sarki ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da manoma, ya kuma yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ba ya zama ya tsara waƙa a gida. In makaɗa suka ɗauko kiɗa, nan take yake zubo ta. Shi ya sa har yau babu wanda zai bugi ƙirji ya faɗi adadin waƙoƙinsa, ita kanta Bakandamiya ba iri ɗaya yake yin ta kullum ba.

Duk da wannan ɗaukaka bai saki noma ba. A Funtuwa, inda ya yi zama mai tsawo, an san shi da gonaki kamar yadda aka san shi da kalangu.

Siyasa ce dai ba ta karɓe shi kamar waƙa ba. Ya yi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, daga baya a jamhuriya ta uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP a Funtuwa, amma ba a daɗe ba aka sauke shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke bakinsa a gaban sarki, da wuya ya iya zaman kwamiti.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai taɓa zama a ajin boko ba. Ya rasu ran 18 ga watan Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Ba a kai shi Musawa ko Funtuwa ba. A Daura aka yi masa sutura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa.