Likita Ludwig Guttmann: Ɗan Gudun Hijirar Da Ya Kafa Wasannin Naƙasassu

Duk wanda ya bi labarin wasannin naƙasassu na duniya da aka yi a birnin Landan a shekarar 2012 zai tuna yadda 'yan Nijeriya suka dawo gida da lambobin yabo 13, shida daga cikinsu na zinariya, alhali kuwa 'yan wasanmu da suka je Olamfik a wannan birni makonni kaɗan kafin nan ko ta tagulla ba su samo ba. An yi murna ƙwarai, amma ba kowa ya san inda waɗannan wasanni suka samo asali ba. A ɗakin jinya suka fara, a hannun wani likita Bayahude da ƙasarsa ta ƙi shi, mai suna Ludwig Guttmann. Tarihinsa muka kawo muku a wannan mako.

Ƙuruciyarsa

An haifi Guttmann ran 3 ga watan Yuli, 1899, a garin Tost da ke yankin Silesiya. A lokacin garin yana ƙarƙashin Jamus, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Poland, ana kiransa Toszek. Yana ɗan shekara uku iyayensa suka ƙaura zuwa Königshütte, garin masu haƙar kwal da narka ƙarfe, a can ya yi makaranta.

A shekarar 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai ya shiga aikin sa kai a asibitin da ake kai waɗanda suka yi haɗari a ramin kwal. Wata rana aka kawo wani saurayi ƙaƙƙarfa wanda ƙashin bayansa ya karye, ƙafafunsa suka mutu. Guttmann ya ɗauki takarda zai rubuta bayanin mara lafiyar, sai aka gaya masa kada ya wahal da kansa, domin mutumin ba zai daɗe ba. Haka kuwa aka yi. Bayan 'yan makonni saurayin nan ya rame sai ƙashi, jikinsa duk gyambo, ya rasu. Guttmann bai manta da shi ba har tsufansa.

Ya kamata mu faɗi abin da ke kashe irin waɗannan mutane, domin a nan dukan labarin ya rataya. Lakar da ke cikin ƙashin baya ita ce ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. In ta yanke, daga wurin raunin zuwa ƙasa mutum ba ya motsi, ba ya kuma jin zafi. Mai lafiya yakan juya da kansa cikin barci in gefe ɗaya ya gaji, amma wanda lakarsa ta yanke sai ya kwana ya wuni a gefe guda bai ji komai ba. Nauyin jikinsa ya danne fata a ƙugu da ɗuwawu da diddige, jini ya daina zuwa wurin, nama ya mutu, ya zama gyambo mai zurfi har ƙashi. Ga kuma fitsari da ke taruwa a mafitsara ba ya fita yadda ya kamata, ƙwayoyin cuta su hau zuwa ƙoda. Waɗannan biyun ne ke kai mutum kabari, ba karayar kanta ba. Likitocin wancan zamani sun ɗauka babu makawa, saboda haka sai a sa mutum cikin filasta a kai shi ƙuryar ɗaki a jira ranarsa.

Guttmann ya fara karatun likita a Jami'ar Breslau a 1918, ya koma Freiburg a 1919, ya gama a 1924. Daga nan ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Farfesa Otfrid Foerster na Breslau, gwanin tiyatar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda har Rasha aka kira shi ya yi jinyar Lenin. Ya auri Else Samuel a 1927, suka haifi ɗa da 'ya. Kafin ya cika shekara 35 ana lissafa shi cikin manyan likitocin jijiya na Jamus.

Zamanin Hitler

Da Hitler ya hau mulki a 1933, aka hana likitoci Yahudawa aiki a asibitocin gwamnati. Guttmann ya rasa muƙaminsa, ya koma asibitin Yahudawa na Breslau, a 1937 kuma aka naɗa shi shugaban asibitin. An yi masa tayin aiki a ƙasashen waje, ya ƙi tafiya, yana ganin wannan mulki ba zai ɗore ba.

Daren 9 ga Nuwamba, 1938, 'yan Nazi suka fita suna ƙona majami'un Yahudawa, suna farfasa kantunansu, suna kama mazaje dubbai suna kai su sansanonin gwale-gwale. Guttmann ya ba ma'aikatansa umarni cewa duk namijin da ya zo ƙofar asibiti a ba shi gado, kada a yi masa tambaya. Kafin gari ya waye an kwantar da mutum 64. Da safe 'yan sandan ciki na Gestapo suka zo suna neman dalili. Likitan ya bi su gado gado yana kawo hujjar kwantar da kowane ɗaya, ya kuwa san abin da zai same shi in suka ƙi yarda. Mutum 60 ya kuɓutar a ranar, aka tafi da huɗu.

An ƙwace fasfonsa kamar na sauran Yahudawa. Amma ba da daɗewa ba gwamnatin Jamus ta buƙace shi ya je Fotugal ya duba wani aminin firayim ministan ƙasar, Salazar, sai aka mayar masa da fasfon. A hanyar dawowa ya biya ta Landan, inda wata ƙungiya mai taimakon malamai 'yan gudun hijira ta shirya masa wurin zama. Ran 14 ga Maris, 1939, ya isa birnin Oxford da matarsa da 'ya'yansa biyu, kusan hannu wofi. Wasu daga cikin danginsa da suka rage a baya sun hallaka a sansanonin 'yan Nazi.

A Oxford bincike aka ba shi a kan raunin jijiyoyi, ba tiyatar da ya ƙware a kai ba. Babban likitan da ya shugabanci asibiti ya koma gwaje-gwaje a ɗakin bincike, a ƙasar da ke yaƙi da ƙasar haihuwarsa. Shekara huɗu da 'yan kai ya yi a haka.

Asibitin Stoke Mandeville

A 1943 gwamnatin Ingila tana shirin tura sojoji su ƙwato Turai, ta kuma san za a dawo da masu raunin baya da yawa. Sai aka nemi Guttmann ya buɗe musu sashe na musamman a asibitin Stoke Mandeville, kusa da garin Aylesbury. Ya yarda bisa sharaɗi guda, wato a bar shi ya yi aikin yadda ya ga ya dace. Ba a yi masa gardama ba, domin aiki ne da likitoci ke gudu. An buɗe sashen ran 1 ga Fabrairu, 1944, da gadaje ashirin da 'yan kai da majinyaci guda ɗaya.

Abin da ya fara yi ba wani sabon magani ba ne. Ya hana sa mutane cikin gadon filasta. Ya sa doka cewa kowane majinyaci a juya shi bayan kowane awa biyu, dare da rana, a duba fatarsa, a tsabtace ta, a tokare shi da matasai. Ya kuma sa a riƙa fitar da fitsari a kan lokaci da roba mai tsabta ƙwarai, a cire ta bayan an gama. Maganin fenisilin da ya fara samuwa a shekarun nan ya taimaka wajen kashe ƙwayoyin cuta, amma juyin nan shi ne ginshiƙi. Aiki ne mai gajiyarwa, ana bukatar mutum uku ko huɗu su ɗaga mutum guda, ma'aikatan dare kuma sukan so su yi ha'inci. Saboda haka Guttmann yakan faɗo ɗakin jinya da tsakar dare ba sanarwa, ya ga ko an yi. Mutanen da aka ce ba za su shekara ba sai ga su suna warkewa daga gyambo, suna zama a kan keke.

Ba za mu ɓoye ba, mutum ne mai zafi da kafiya. Ba ya son a ja da shi, ma'aikata da majinyata duk suna shakkarsa. Duk da haka majinyatan suka laƙaba masa suna Poppa, wato baba. Ya gane cewa wanda ya fid da rai da kansa, ko gyambonsa ya warke bai warke ba. Don haka ya hana zaman banza. Ya buɗe wuraren koyon sana'a, kamar aikin katako da gyaran agogo da buga tafireta, burinsa kuwa kowa ya koma gida yana cin guminsa har yana biyan haraji kamar kowa.

Daga nan wasa ya shigo. An fara da buga ƙwallo da sanduna a kan keken guragu, da aka ga ana jin ciwo sai aka koma jefa ƙwallo a raga, wanda daga baya ya zama ƙwallon kwando. Ya fi son harbin kibiya, domin jan baka yana ƙarfafa kafaɗa da hannu da baya, waɗanda su ne jarin mai zaman keke, ga shi kuma wasa ne da gurgu zai iya karawa da mai ƙafa ya ci shi. A wurinsa wasa magani ne, dole ne kamar shan ƙwaya.

Daga mutum 16 zuwa duniya

Ran 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya a filin ciyawar asibiti. Mutum 16 ne suka shiga, maza 14 da mata biyu, duk a kan keke, tsakanin Stoke Mandeville da wani gidan tsofaffin sojoji na Richmond.  Shekarar da ta biyo ya bayyana fatansa a fili, cewa wata rana gasar za ta zama Olamfik ta naƙasassu. Kaɗan ne suka ɗauki maganar da muhimmanci.

A 1952 tsofaffin sojojin Holan suka zo suka shiga, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1956 hukumar Olamfik ta duniya ta ba gasar kofin girmamawa. A watan Satumba na 1960 kuma, da haɗin kan wani likitan Italiya mai suna Antonio Maglio, aka kai wasannin birnin Roma bayan an gama Olamfik. 'Yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23 suka halarta. Ba a saba da irin wannan tafiya ba, har da injin ɗaga kaya aka loda wasu a jirgin sama, masaukinsu kuma mai matakala ne, sai da sojoji suka riƙa ɗaukarsu sama da ƙasa. Paparoma Yohanna na 23 ya karɓe su a fadarsa, ya kwatanta Guttmann da mutumin da ya farfaɗo da Olamfik ta zamani. Waɗannan wasanni na Roma su ake lissafawa a matsayin Faralimfik ta farko. Aka ci gaba a Tokyo a 1964, Tel Aviv a 1968, Heidelberg ta Jamus a 1972, sai Toronto a 1976, inda makafi da masu yankakken gaɓa suka shigo.

Ya bar shugabancin sashen a 1966, a shekarar kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Bai huta ba, ya shiga neman gudummawa har aka gina filin wasa na naƙasassu kusa da asibitin, Sarauniya ta buɗe shi a 1969. Ciwon zuciya ya kama shi a watan Oktoba na 1979, ya rasu ran 18 ga Maris, 1980, yana da shekara 80.

Abin da ya bari

Tun daga Seoul a 1988, birnin da ya ɗauki Olamfik shi ke ɗaukar Faralimfik a filaye guda. Nijeriya ta fara zuwa a Barcelona a 1992, a Rio kuma a 2016 ta ci zinariya takwas, galibi a ɗaga nauyi. A Landan a 2012 'yan wasa fiye da 4,000 ne daga ƙasashe 164. Neman gudummawar da ya fara bai tsaya ba, domin keken tsere da sauran kayan wasan naƙasassu suna da tsada. A ƙasashe da dama mutane sukan yi ƙungiya su hau manyan duwatsu don tara kuɗin sayen irin kayan nan. A 2009 wani Ba'amurke mai suna Chris Waddell, wanda ƙafafunsa suka mutu, ya kai ƙolin dutsen Kilimanjaro mai tsawon mita 5,895, kusan dukan hanyar da ƙarfin hannuwansa ya tuƙa kekensa.

To, 'yan'uwa, lambobin zinariya da hawan dutse duk daga baya suka zo. Da ba a juya mutanen nan cikin dare ba, da babu wanda zai rayu har ya ja baka. A garuruwanmu haɗarin mota da na babur da faɗowa daga itace suna karya bayan mutane, a sallamo su daga asibiti a shimfiɗa musu tabarma a ɗaki, sa'an nan gyambo ya yi abin da haɗarin bai yi ba. Mu da muke zuwa gaisuwar marasa lafiya, mu tambayi likita ko nas su nuna mana yadda ake juya irin wannan mutum ba tare da an ƙara masa rauni ba, mu kuma raba kwanakin a tsakaninmu, domin matarsa ko mahaifiyarsa ita kaɗai ba za ta iya tashi kowane awa biyu har tsawon watanni ba. In ya sami ƙarfin zama, mu haɗa kuɗin keke, mu nema masa sana'a, mu gyara bakin ƙofofinmu yadda kekensa zai shiga.