Malam Aliyu Namangi: Makahon da Ilimi Ya Shiga Masa ta Kunne

Da wuya a sami Bahaushen da ya tashi a Arewacin Najeriya ko Kudancin Nijar wanda bai taɓa jin wani baiti na Waƙar Imfiraji ba, ko dai a rediyo, ko a ajin Hausa na makarantar sakandare, ko a bakin wani makaho da ke rerawa a ƙofar masallacin Juma'a. Mai wannan waƙa, Alhaji Dokta Aliyu Namangi, ya yi kusan shekara casa'in da biyar a duniya, kuma bai taɓa ganin ko harafi ɗaya na abin da ya wallafa ba.

An haife shi a tsakiyar shekarun 1890 a ƙauyen Namangi da ke ƙasar Zazzau, kafin Turawan Ingila su shiga Zariya a 1902. Tun yana jariri cuta ta ɗauke masa gani. A wancan zamani ƙyanda da agana kan ratsa gari su kashe yara, waɗanda suka tsira kuma da dama su tashi ba ido. Allurar rigakafin ƙyanda ba ta samu ba sai 1963, agana kuwa sai a 1980 aka bayyana kawar da ita daga doron ƙasa. Saboda haka makantar Aliyu ba baƙon abu ba ce a ƙauyensu, kuma al'umma ta riga ta tanadi hanyar da irinsa za su bi.

Hanyar ita ce bara. Manyan garuruwan Hausa suna da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, kowanne da jama'arsa. A Kano har unguwa guda makafi suke da ita a kusa da Dala. Sarkin makafi shi ke sauke baƙo, ya sasanta rigima, ya shige gaba wajen aure da suna, ya kuma isar da kuka ga fada. Tsarin ya ciyar da mutane, ya tufatar da su, ya hana su kwana a titi. Sai dai ya shata musu iyaka: rabon makaho shi ne abin da mai ido ya ga dama ya miƙa masa, a ranar da ya ga dama. Alhali tarihin Musulunci ya zo da wani misali dabam, domin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da farkon Suratu Abasa ya sauka a kansa, ladani ne a Madina, kuma sau da yawa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar masa riƙon garin idan zai yi tafiya.

Abin da ya fitar da Aliyu daga wannan iyaka shi ne yadda ake karatu a lokacin. A makarantar allo malam kan biya, almajiri ya maimaita har ya riƙe. A karatun zaure ɗalibi kan ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, sauran waɗanda ke zaune suna saurare suna ɗauka. Ilimin yana tafiya ne daga baki zuwa kunne, littafi kuwa madogara ce kawai. Yaron da ba ya gani, in yana da kaifin ƙwaƙwalwa da naci, zai iya zama a tabarma ɗaya da sauran ɗalibai ya kwashi abin da suka kwasa. Ta haka Aliyu ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga fiƙihu da tauhidi da tarihin Annabi da waƙoƙin madahu na Larabci. Zariyar da ya zauna cikinta gari ne na malamai, inda ɗalibai ke zuwa daga nesa neman nahawu da lugga a unguwannin Juma da Kona, kuma sarkinta na farkon ƙarni, Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1920, shi kansa marubucin waƙa ne.

Karatun boko kuwa ya wuce shi ta gefe. Louis Braille ya fitar da rubutun makafi a Faransa tun 1829, amma makarantar makafi ta farko a Najeriya, wadda 'yan mishan suka buɗe a Gindiri, sai a 1953 ta fara aiki, lokacin Malam Aliyu ya doshi sittin. Ta Pacelli da ke Legas ta biyo baya a 1962.

Imfiraji kalma ce ta Larabci mai nufin yayewar ƙunci da samun buɗi bayan tsanani. Waƙar jerin waƙoƙi ce, tara daga ciki aka buga, masu ɗauke da ɗaruruwan baituka 'yan ƙwar biyar, kowane baiti yana sauka a kan amsa-amo guda daga farko har ƙarshe. Ginshiƙinta yabon Annabi ne da begen Madina, amma malamin ya ratsa da mai sauraro ta cikin wa'azi kan ruɗin duniya, da mutuwa da zaman kabari, da tashin alƙiyama, da halayen mutanen zamaninsa na kasuwa da gida da majalisa. Harshensa mai sauƙi ne, wanda tsohuwa a cikin gida da almajiri a tsangaya za su gane ba tare da an fassara musu ba, ga habaici da zambo da ban dariya a tsakiyar tsoratarwa. Mai karatu kan yi mamakin yadda wanda bai taɓa gani ba yake siffanta ado da tafiya da yanayin fuska. Duniya ce da ya tattara ta hanyar saurare da tambaya da zama da mutane.

A ka yake tsara baitukan, ya auna su da kunne, ya riƙe, sa'an nan ya shifta wa masu rubutu su sa a takarda da ajami. Baya ga Imfiraji yana da Nuniya a kan rayuwar Annabi, da Waƙar Keke, inda ya yi raha da wannan sabon abin hawa da ya shigo ƙasar Hausa tare da Turawa.

Zaman Zariya ya sake yi masa rana ta wata fuskar, domin nan ce cibiyar ɗab'in Hausa. A nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai hukumar NORLA a 1953, daga baya kuma kamfanin NNPC mai buga littattafai. Ta wannan hanya Imfiraji ta shiga boko, ta isa makarantu da jami'o'i, gidajen rediyo kuma suka kai ta inda littafi bai kai ba. Mervyn Hiskett ya yi magana a kan waƙoƙinsa a littafinsa na tarihin waƙoƙin addini na Hausa da ya fito a 1975. Malam Aliyu ya sauke farali, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Amma waɗanda suka fi kowa yaɗa waƙar 'yan'uwansa makafi ne. Sun haddace ta, maza da mata, suna rerawa gida gida da bakin kasuwa, ɗaya na ja sauran na amsawa. Inda duk Hausawa suka kafa zango, makafi sun bi su da irin waƙoƙin da suka taso da su. Abner Cohen, a binciken da ya buga a 1969 kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda sarkin makafi ke tsara sha'anin bara a unguwar. A Legas ma haka abin yake a wuraren da Hausawa suka yi yawa, kamar Agege da Idi-Araba, da gidan Okobaba na Ebute Metta inda naƙasassu 'yan Arewa masu yawa ke zaune da iyalansu, a jihar da hukumomi kan yi samamen kwashe mabarata daga tituna lokaci zuwa lokaci. Waƙar da ta kai mai ita ga rigar dokta, ita ce ta zama ƙoƙon bara a hannun dubban da ba su sami damar da ya samu ba.

Malam Aliyu Namangi ya rasu a 1990. Dokokin da suka mayar da buƙatun irinsa haƙƙi duk bayansa suka zo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman a Disambar 2006, Najeriya ta tabbatar da ita a 2010, Jihar Legas ta yi tata dokar wadda ta haifar da ofishin LASODA. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar tarayya da ta haramta nuna musu bambanci. Dokar ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya saɓa, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ba su ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta nemi ma'aikatun gwamnati su ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko, ta hana amfani da su wajen bara, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Hukumar da ke kula da aiwatar da ita ta fara aiki a 2020.

Rayuwar Namangi tana fayyace abin da waɗannan dokoki ke nufi fiye da doguwar takarda. Abu uku suka tsaya masa. Na farko, makarantar da ya shiga ba ta gindaya masa sharaɗin gani ba. Na biyu, ya sami masu taimako da suka san matsayinsu: mai rubutu ya rubuta abin da malam ya faɗa, bai zaɓa masa abin da zai faɗa ba, kuma sunan malam ne a bangon littafi. Wannan shi ne ainihin abin da ake koya wa ma'aikatan jin daɗin jama'a a yau, cewa aikin mai tallafi shi ne ya zama hannu ko ido, shawara da zaɓi kuwa na mai lalurar ne. Na uku, an auna aikinsa da ma'aunin da ake auna kowane mawaƙi, ya kuma yi rinjaye.

Ofishin zamani yakan rufe ƙofar da zaure ya buɗe, sau da yawa ba da niyya ba. Sanarwar ɗaukar aiki da aka sa a intanet a matsayin hoto, manhajar da ke karanta wa makaho rubutu ba za ta iya karanta ta ba. Fom ɗin da sai an cike da biro, da jarrabawar ƙarin girma a kwamfutar da ba ta magana, da taron da aka sa a hawa na uku ba na'urar hawa, kowanne yana tankaɗe wani kafin a ji abin da ya iya. Gyaran yawancinsu yana hannun jami'in da ke rubuta sanarwa, da mai tsara jarrabawa, da mai sa hannu a kasafin gyaran gini. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marakesh a 2017, wadda ta sauƙaƙa mayar da littattafai zuwa rubutun makafi da sauti, don haka babu abin da ya hana Imfiraji kanta ta isa hannun ɗalibi makaho a siffar da zai karanta da yatsunsa.

A yau akwai yara makafi a Agege da Ajegunle da Zariya da Maraɗi masu ƙwaƙwalwa irin ta Malam Aliyu, waɗanda safiyarsu ke farawa a bakin titi maimakon aji. Shi ya dace da malamai da marubutan da suka karɓe shi don Allah. Su kuwa doka ta riga ta ce haƙƙinsu ne, saura waɗanda aka damƙa wa aiwatarwa. Allah Ya jiƙan Malam Aliyu Namangi, Ya sa Aljanna ce makomarsa.