Patrick Geddes, Uban Ilmin Tsara Gari da Kewayensa

A ko'ina ake koyar da ilmin tsara birane, da wuya ɗalibi ya ƙare shekararsa ta farko bai ji sunan Patrick Geddes ba. Abin mamaki kuwa shi ne, mutumin nan bai koyi aikin injiniya ba, bai koyi zanen gini ba, hasali ma bai taɓa zama ya ɗauki jarrabawar digiri ba. Masanin tsirrai ne. Amma shi ne ya tsaya tsayin daka a kan cewa kada hukuma ta zana wa gari tsari, ko ta rushe gida ko da guda, sai ta bi garin lungu-lungu ta san mutanensa, da sana'arsu, da ƙasar da ke ciyar da su.

An haifi Geddes ran 2 ga watan Oktoba na shekarar 1854 a Ballater, cikin ƙasar Sikotlan. Mahaifinsa tsohon soja ne. A Perth ya yi wayo, a wani gida da ke gefen tudu, inda yaro zai tsaya ya hango kogin Tay, da gonaki, da gari, duk a duba ɗaya. Bayan ya bar makaranta ya taɓa aikin banki, sa'an nan ya tafi Landan ya yi karatu a hannun shahararren masanin halittu Thomas Huxley. A cikin shekarar 1879 ya tafi ƙasar Meziko don bincike, can kuwa ciwon ido ya kama shi har ya yi makonni ba ya gani. Ko da ya warke, idon bai koma yadda zai jure wa doguwar duba ta madubin binciken ƙananan halittu ba. Daga nan hankalinsa ya soma karkata zuwa ga zaman ɗan Adam.

Da ya koma gida sai ya kama koyar da ilmin tsirrai a Jami'ar Edinbara. A wannan zamani masu hali sun daɗe da barin tsohon birnin sun koma sabuwar unguwa, sun bar wa talakawa dogayen benaye da suka tsufa, inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya, ga ƙazanta, ga cuta. A shekarar 1886 ya auri Anna Morton, ba da jimawa ba kuwa ango da amarya suka tare a ɗaya daga cikin waɗannan benaye, a wani lungu da ake kira James Court. Suka soma da kwashe juji, da shafe bango da farar ƙasa, da dasa furanni a bakin taga. Maƙwabta suka yi ta kallo, daga baya suka sa hannu. Sannu a hankali aka gyara gidaje da dama, aka mai da kangaye da filayen da aka yi watsi da su lambuna da wuraren wasan yara. A shekarar 1887 ya buɗe gidan kwanan ɗalibai a cikin unguwar, ya bar wa ɗaliban ragamar tafiyar da shi, don masu ilmi su zauna tare da talakawa su san halin da suke ciki.

A shekarar 1888 aka naɗa shi shehun malamin ilmin tsirrai a kwalejin Dundee, muƙamin da ya riƙe har 1919. Zango ɗaya kawai yake koyarwa a shekara, saboda haka ya sami sararin bin abin da ke ransa. A 1892 ya karɓi wata hasumiya kusa da fadar Edinbara ya mai da ita makarantar sanin gari. Baƙo zai hau can ƙololuwa ya hangi birnin da duwatsu da teku da ke kewaye da shi, sa'an nan ya riƙa saukowa: hawa ɗaya na Edinbara, na ƙasa da shi na Sikotlan, sai na ƙasashen da ke magana da Ingilishi, sai na Turai, na ƙarshe na duniya baki ɗaya. Kowane hawa cike yake da taswira da hotuna.

Darasin hasumiyar shi ne ginshiƙin koyarwarsa. Ya ɗauko daga wani masani Bafaranshe, Frédéric Le Play, cewa abubuwa uku ne ke ɗaure da juna: wuri, da sana'a, da jama'a. Ya kan zana kwari tun daga kan dutse har bakin teku, ya nuna mai haƙar ma'adini, da mai saran itace, da maharbi, da makiyayi, da manomi, da masunci, kowa a inda ƙasa ta ba shi abin yi, birni kuwa shi ne mahaɗarsu. Watau wanda ya tsara birni ya manta da karkarar da ke ba shi ruwa da abinci da ma'aikata, ya yi rabin aiki ne. Haka nan gida ba ya tsayawa shi kaɗai. Yana bukatar ruwan sha, da magudana, da makaranta, da asibiti, da kasuwa, da hanyar zuwa wurin aiki, kuma tilas a yi tunaninsu tare. A littafinsa na shekarar 1915 ya ja hankali ga yadda garuruwan masana'antu na Birtaniya ke bunƙasa har suna haɗewa da juna, alhali kowanne yana ƙarƙashin hukuma dabam, ba mai duban su gaba ɗaya.

A shekarar 1914 Gwamnan Madras, Lord Pentland, ya gayyace shi Indiya don ya nuna kayan baje kolinsa na tsarin birane. Yaƙin Duniya na Farko ya riga ya ɓarke, sai wani jirgin yaƙin Jamus mai suna Emden ya nutsar da jirgin ruwan da ke ɗauke da kayan, aikin shekaru ya tafi ƙarƙashin teku. Abokansa suka tattara wasu suka aika masa, aka buɗe bajen a Madras a farkon 1915.

A Indiya ne ya yi karo da hukumomi sosai. Tun daga 1896 annobar da ɓeraye ke yaɗawa take kashe jama'a, maganin da injiniyoyin mulkin mallaka suka sani kuwa shi ne a ɗora ma'auni a kan taswira, a ja miƙaƙƙen titi ya ratsa tsakiyar tsohuwar unguwa, a rushe duk abin da ya tare hanya. Geddes ya nuna cewa wannan aiki yana cin kuɗi masu yawa wajen biyan diyya, kuma waɗanda aka kora ba sa ɓacewa. Unguwa ta gaba suke shiga, cunkoso ya ƙaru, kuɗin haya ya tashi, cuta ta sami sabon mazauni. An gudu ke nan ba a tsira ba. Hanyarsa ita ce ya taka da ƙafa, ya sa a taswira kowane gida da rijiya da itace da wurin ibada, sa'an nan a cire 'yan gidajen da suka lalace ƙwarai, a buɗe lungun da ya toshe, a bar ɗan fili a dasa itace don inuwa da iska. Ya kamanta wannan da aikin likitan tiyata mai yanke abin da ya ruɓe kaɗai. Tafkunan gari da hukuma ke son cikewa saboda sauro, shi ya ce a yashe su, a zuba kifi da agwagi su cinye tsutsar sauron, domin tafki yana riƙe ruwan damina, yana kuma sanyaya gari.

A Indore, cikin 1917, ya roƙi sarkin garin ya ba shi ikon shirya jerin gwanon bikin Diwali. Ya sa aka yi shela cewa ayarin zai bi ta unguwannin da suka fi tsabta ne kawai. Nan da nan kowace unguwa ta tashi da shara da gyaran gida, aka kwashe juji amalanke bayan amalanke. Ran biki aka karrama masu shara a cikin ayari, aka ƙone wani ƙaton mutum-mutumin ɓera a ƙarshe. Abin da doka da tara suka kasa, son yabo da gasa suka yi shi. A wannan shekarar ce kuma babban rashi ya same shi: aka kashe ɗansa Alasdair a fagen yaƙi a Faransa, matarsa Anna kuma ta rasu a Indiya ba ta san ɗanta ya riga ta ba. Bai ajiye aiki ba. Ya rubuta rahoto a kan garuruwan Indiya masu yawa, ya kuma koyar da ilmin zaman jama'a a Jami'ar Bombai daga 1919 zuwa 1924.

Geddes yana da nasa rauni. Ya kan fara aiki goma bai ƙare biyar ba, bashi ya sha kama shi, rubutunsa kuma yana da wuyar bi. Tsarin da ya yi wa garin Dunfermline a 1904 ba a aiwatar da shi ba, rahotanninsa da yawa na Indiya sun ƙare a cikin kabad. A 1924 ya koma Montpellier ta Faransa ya kafa kwaleji. A farkon 1932 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma, ya rasu ran 17 ga watan Afrilu na wannan shekara, yana da shekara 77.

Almajiransa ne suka ɗauki aikin gaba. A Amurka, Lewis Mumford yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tsara yankuna a 1923. A Ingila, tsarin Landan da kewayenta da Patrick Abercrombie ya yi a 1944 ya ginu a kan bincike kafin zane. Wani mai bin hanyarsa, Max Lock, shi ne ya binciki Kaduna ya miƙa wa Gwamnatin Arewa tsarin babban birninta a 1967, tsarin da ya hangi shekara 50 gaba, daga baya kuma kamfaninsa ya yi wa Maiduguri da Bauchi irin wannan aiki.

Saboda haka ma'aikacin da fayil ɗin rushe unguwa ko na gina sababbin gidaje ya iso teburinsa, yana da tambayoyin da Geddes ya bar masa: wa ya je ya ƙidaya mutanen, ina za su koma, ina za su sami ruwa da makaranta da asibiti, kuma da me za su ci abinci a can? In fayil ɗin bai amsa ba, bai isa sa hannu ba tukuna.